Gyaɗar Bishiyar da Baba Bai Ci Ba

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Gezawa, mahaifina ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Wannan labarin na daɗe ina riƙe da shi, ko matata ma guntu-guntu ta san shi. Jiya ne ina laluben makullin babur a aljihu, yatsana ya taɓa wani ɗan faffaɗan ƙarfe da ke maƙale a zoben makullan, sai na ji yau kam zan faɗa, ko zan samu sauƙi.

Bari in fara gaya muku halina, don kada ku tausaya mini fiye da yadda na cancanta. Ni mutum ne mai son araha. Ba rowa ba ce, ko da yake matata har yau ba ta yarda akwai bambanci ba. In na shiga kasuwa sayen albasa sai na zagaya rumfa biyar, in taya, in yi kamar na tafi, in dawo in ƙara tayawa ƙasa da na farko. Malaman makarantarmu in za su sayi taki ko kwanon rufi, ni suke sawa a gaba. Ina jin daɗin abin ƙwarai, har na ɗauke shi wata baiwa ce Allah Ya yi mini.

Baba kuwa manomin gyaɗa ne a ƙauyenmu, can ƙasar Makoɗa, inda gona take manne da gona, gida yana kallon gida. Abin da duk ƙauyen suka san shi da shi shi ne riƙon iri. Kowace kaka, kafin a sayar da ko kwano ɗaya, zai zauna a tabarma ya zaɓi irin baɗi da hannunsa, cikin kwansonsa, ya zuba a tulu, ya barbaɗa toka, ya liƙe bakin da laka. Akwai shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, muna yara, har muka koma cin tafasa da rama sau ɗaya a yini. Tulun nan yana ɗakinsa cike fal. Inna, wato mahaifiyata, ta roƙe shi ya ɗebo ko kaɗan ne a dama mana kunu, ya ƙi. Ya sayar da akuya, ya sayar da kekensa, amma bai fasa lakar bakin tulun ba sai da ruwan shuka ya sauka.

Wata shekara kuma, ina sakandare, aka kawo mana baƙo, malamin gona ɗan ƙasar Kenya, tare da masu gwajin sabon irin gyaɗa. A zaurenmu ya sauka kwana uku. Shi ba ya jin Hausa, Baba ba ya jin Turanci, amma haka suke yini a gona suna nuna wa juna ganye da ƙasa suna gyaɗa kai. Ranar da zai tafi ya ciro wani ɗan ƙunshi daga jakarsa ya juye wa Baba a tafin hannu. Wasu ƙwayoyi ne farare, mulmulallu, ɓararru. Ɗaya daga cikin masu gwajin ya yi tafinta, ya ce a ƙasar baƙon a bisa bishiya take fitowa. Baba ya ci, ya miƙa wa Inna ɗaya, sauran ya cinye a tsaye. Daga ranar ya raɗa mata suna gyaɗar bishiya, kuma duk wanda ya zauna da shi sai ya sha labarinta: wai tana narkewa a baki kamar man shanu, wai gyaɗarmu in ta gan ta sai ta ji kunya. Kullum kuma da magana ɗaya yake rufe labarin, cewa abin da ya ba shi haushi baƙon bai zo da mai kwanso ba. Na ji wannan maganar ya fi a ƙirga, kuma ranar da ya kamata in tuna ta ban tuna ba.

Ciwon a ciki ya fara masa. Tuwo ya daina shiga, daga baya shinkafa ma ta ƙi, aka koma kunu da fura mai ruwa-ruwa. Asibiti biyu muka kai shi a birni. A na biyun likita ya ja ni gefe ya ce mu koma da shi gida, duk abin da ransa ya so a ba shi. Na gane abin da yake nufi, ban kuma gaya wa Inna ba. Ga yana ta rufe masa ido, sai da murya yake gane mutum, hancin ma ya dushe, har yana yi wa Inna ƙorafin ta daina sa daddawa a miya alhali ta cika ta.

Kowace Juma'a in an tashi daga makaranta nake tafiya gida, in dawo Lahadi. Wata Juma'a na tarar an kawo masa farfesun kaza ya kau da kai. Na zauna kusa da shi ina lallashi, ina lissafa masa abinci iri-iri ko wani zai burge shi. Can sai ya ce, “Malam,” haka yake kirana tun da na fara koyarwa, rabi girmamawa rabi zolaya, “da za a samu gyaɗar baƙon nan, ina jin da ta shiga.”

Tunda nake, Baba bai taɓa roƙona komai ba. Ko hula in na saya masa sai ya yi faɗa ya ce ɓarna ce. Na ce masa ya ɗauka ma ya ci, sati mai zuwa zan zo da ita. Da bakina na faɗa, Inna tana tsaye tana ji.

Ashe ban san abin da na ɗauko ba. Sunanta ma ban sani ba. Na je kasuwar Dawanau, inda nake ganin duk wata ƙwaya da Allah Ya halitta tana nan, na yi ta kwatance da yatsu. Wani ya kawo mini gurjiya, wani yazawa, wani dattijo ya dube ni da kyau ya tambaye ni ko dai goruba nake nufi nake jin nauyin faɗa. Na je kasuwar Rimi, na je ta 'Yan Lemo, na shiga ta Singa lungu-lungu. Mai kayan ƙamshi ɗaya ya rantse mini yana da ita, ya sa na jira kusan awa guda, ya dawo da aya manya-manya ya ce ta waje ce. A ƙarshe abokina, wanda yake koyar da darasin noma a makarantarmu, shi ya zauna da waya yana binciko hotuna. Na kai wa Inna hotunan, tana ganin wani hoto ta dangwala yatsa ta ce ita ce wannan. Makadamiya sunanta. A hanya na yi ta maimaitawa kamar mai hadda don kada ta ɓace mini.

Da sunan a bakina ba a jima ba aka yi mini kwatancen wani kanti a unguwar Nasarawa, irin wanda baƙin ƙasashen waje suke sayayya, wanda sanyi yake dukan mutum tun daga ƙofa. Na shiga da takalmina mai ƙura, mai gadi yana bina da ido. Ga ta nan kuwa a kan kanta, ɓararriya, fara tas, a cikin wani ɗan gwangwani da bai fi na madara ba. Na ɗauka na juya na ga kuɗin da aka manna, sai da na sake dubawa. Kuɗin ɗan gwangwanin nan zai saya wa mutum rabin buhun taki.

Abin da nake so ku sani shi ne kuɗin yana aljihuna. Albashi ya shigo kwana biyu kafin nan. Ba rashi ne ya hana ni ba. Na je wajen yarinyar da ke karɓar kuɗi na tambaye ta nawa za ta rage, ta dube ni kamar na yi mata magana da wani yare, ta ce nan ba a tayawa. Na ce ko mai kantin yana kusa, ta ce ko yana nan ma haka ne. Sai zuciyata ta fara raya mini cewa wannan ai cuta ce, kuɗin sanyin kanti da kuɗin gwangwani ake so in biya, ni da ake turawa gaba a kasuwa. Na tsaya da gwangwanin a hannu na ɗan lokaci, sannan na mayar da shi inda na ɗauko, har ina gyara masa zama.

Da na ba abokina labari, ya ce surukinsa ɗan kasuwa ne a Kwari, yana zuwa Chana sarin kaya, mu je mu tambaye shi. Alhajin yana jin sunan ya yi dariya, ya ce a can ai kamar gyaɗar tire take, musamman mai kwanso, kuɗin gwangwanin nan zai saya mini abin da zai cika kwano biyu. Ƙaninsa yana can, in ji shi, nan da kwana goma zai dawo, sai a sako mini. Wallahi na fito daga shagon nan ina jin kaina. Har na riƙa tsara yadda zan zube wa Baba ita tuli guda, ya ci ya ƙoshi ya ba maƙwabta, ba ɗan abin da za a lashe a gwangwani ba.

Kwana goma ya zama ashirin. Aka ce kaya sun tsaya, aka ce ƙanin ya ƙara sati. Ni kuma duk Juma'a ina gida. In na yi sallama Baba zai ce, “Malam, ka iso?” sai ya yi shiru ya karkata kai. Na daɗe kafin in gane ƙarar leda yake saurare. Bai taɓa tambayata ina alƙawari ba, ni ne nake rigansa da bayani, in ce tana hanya, daga nesa za ta zo, mai yawa ce. Ya ce Allah Ya kawo ta lafiya. Kowane zuwa kuma sai na ga wuyan rigarsa ya ƙara yi masa yawa. Sau biyu na hau mota da niyyar komawa kantin nan, sau biyun ina fasawa, ina cewa ai saura kwana kaɗan, wauta ce in biya sau biyu. Sati biyar cur aka ɗauka.

Ranar da ta iso, Alhajin ya miƙo mini leda mai nauyi. Ƙwayoyin ruwan ƙasa ne, masu santsi, da tauri kamar dutse, kowace da 'yar tsaga a gefe. Ya ce inji ne yake tsaga su, don ko da guduma sai an sha wuya. Ya ciro ɗan faffaɗan ƙarfe daga cikin ledar ya nuna mini yadda ake zura shi a tsagar a murɗa. Ya kuma gaya mini, da bakinsa, cewa gasasshiya ce, an gasa ta cikin kwansonta, ci kawai za a yi. Na jefa ƙarfen a aljihu. A cikin motar Makoɗa na kasa haƙuri, na buɗe ɗaya na ci. Baba bai yi ƙarya ba. Na lumshe ido ina taunawa, ina cewa lallai jiran ya biya.

Na isa gida da la'asar, an yi ruwan shuka kwana biyu kafin nan, duk gonaki mutane ne da sungumi, mata da yara suna bi suna jefa iri suna takewa. An fito da Baba inuwar ɗaki yana jin ƙanshin ƙasa, ko kuma yana tuna shi. Na durƙusa na ɗora masa ledar a cinya. Ya zura hannu, ya ɗauko ɗaya, ya juya ta a tafinsa. Na ga fuskarsa ta canza. Ya kai ta kunne ya girgiza. Sannan babban yatsansa ya sami tsagar nan, ya bi ta a hankali daga sama har ƙasa.

“Malam, mai kwanso ka samo?” in ji shi. “Kai, Allah Ya yi maka albarka. Ji nan, har ta fara buɗe baki, ruwa kawai take jira.”

Hannuna yana cikin aljihu a kan ƙarfen. Na ce, “Baba, ai ta ci ce. Bari in ɓare maka.”

Ya janye ledar ya rungume ta a ƙirji. “Da ɓararriya ka kawo, da na ci. Wannan kuwa iri ce, da ranta. Ni da ban ci iri ba shekarar da kuke kuka da yunwa, yau zan ci don kwaɗayin bakina?”

Kalma ɗaya ce ta rage in faɗa: gasasshiya ce. Ta zo har bakina. Amma wata biyu rabon da in ga haƙoran Baba a waje, ga shi yana dariya, yana kiran Inna ta zo ta ga abin da ɗanta ya yi, yana cewa ƙauyen nan kaf shi zai fara dasa gyaɗar bishiya, jikokinsa su ci su ƙoshi. Na kasa. In kuma zan faɗi gaskiya duka, ba tausayi kaɗai ba ne. Yabon ya yi mini daɗi, kuma in na faɗa sai na bayyana yadda aka yi na baro ɓararriya a kanti sati biyar da suka wuce.

Washegari da hantsi ya sa aka ɗauke shi zuwa garkar bayan gida, inda Inna take shuka kuɓewa. Ledar a ƙarƙashin matashinsa ta kwana. Ni nake sara rami, shi yake miƙo mini ɗaya-ɗaya, yana gaya mini in sa tsagar ta kalli ƙasa, in zuba takin akuya kaɗan, kada in take da ƙarfi. Na yi ta fatan ya gaji ya bar saura, bai bari ba. Ta ƙarshe ma sai da ya laluba kusurwar ledar ya zaƙulo ta. Haka na binne su duka da hannuna, ina sane da cewa ko shekara za a yi ana ruwa ba abin da zai fito. Daga ranar ya ce a mayar masa da shimfiɗarsa bakin garkar, a nan yake yini yana korar kaji da kara.

Na koma Gezawa ina ba kaina haƙuri cewa ƙarshen wata ya kusa, in albashi ya zo kantin nan zan fara zuwa. Na je kuwa. Ban taya ba, ban ko kalli kuɗin ba, na biya na fito da gudu na nufi tasha. Amma kusan sati uku sun wuce a tsakani. Na tarar an mayar da shi ɗaki, ruwa ma da cokali ake ɗiga masa. Na buɗe gwangwanin na sa masa ɗaya a hannu, yatsunsa ba su rufe a kanta ba. Inna ta daka biyu ta dama a ruwan ɗumi, muka ɗiga masa, ya dawo ta gefen baki. Na zauna ina goge masa haɓa da bakin rigata, ban taɓa jin na tsani kaina irin na ranar ba.

Can ya motsa leɓe, na kai kunne. Ya ce, “Ta fito?”

Na ce, “Saura kaɗan, Baba.”

Ya ce a riƙa ba ta ruwa. Kwana biyu bayan nan, ranar Lahadi da hantsi, Allah Ya karɓi abinSa.

Inna ta ci gaba da ban ruwan. Ko an yi ruwan sama sai ta ɗauki buta ta zagaya garkar. Bayan sadakar arba'in na ga abin ya ishe ni, na bi ta can na ce mata ta daina wahalar da kanta, ba za ta tsiro ba, gasasshiya ce, kuma na sani tun ranar da na kawo ta. Na sunkuyar da kai ina jiran kuka ko faɗa. Ba ta ko ɗago ba, ta ci gaba da tsiyaya ruwan.

“Shekara nawa ina suyar gyaɗa ina ƙuli-ƙuli?” in ji ta. “Tun da ka buɗe ledar nan na ji ƙanshin wuta a jikinta.”

Na ce, “To Inna, me ya hana ki faɗa?”

Ta ce, “Abin da ya hana ka.”

Ta juye sauran ruwan a rami na ƙarshe ta wuce cikin gida. Na durƙusa na tona ɗaya da yatsa. Kwanson yana nan yadda yake, da santsinsa, amma gara ta shiga ta tsagar ta cinye cikin tas.

Mutane in na ɗan taɓa musu labarin sai su ce ai na faranta masa, ya tafi da murna, ya tafi yana ganin ya bar wa jikoki bishiya. Ina jinsu, ina kuma gode musu. Amma ni na san abin da ya roƙe ni. Bai ce in kawo masa bishiya ba, cewa ya yi yana jin za ta shiga, a lokacin da ba abin da yake shiga. Ranar da na riƙe gwangwanin nan a kanti yana iya taunawa, yana iya haɗiyewa, kuɗin kuma yana aljihuna. Ba wanda ya cuce ni, ba wanda ya yi mini ƙarya. Wayona ne kawai, wanda ake yabona da shi.

Har gobe ina taya kaya a kasuwa, hali ba ya fita da sauƙi. Sai dai in mara lafiya ya ce yana son abu, ko na gidana ko na maƙwabta, ba na tambayar kuɗinsa, kuma ba na cewa sati mai zuwa. Wannan bai rage mini komai ba, don wanda ya kamata in yi wa haka ba ya nan.

Gwangwanin Inna ta rabar wa masu zuwa gaisuwa, kowa ya ci yana santi yana tambayar sunanta. Ɗan ƙarfen kuma shi ne a zoben makullaina. Sau ɗaya tak aka taɓa buɗe makadamiya da shi, a cikin motar Makoɗa, kuma ni na cinye ta.